Taubasan Bahijja

A gidan Malam Nata'ala da ke Soron Ɗinki, kowa da abin da hannunsa ya iya. Shi maigidan zanen riguna yake yi. A kawo masa shadda, ya shimfiɗa ta a zaure, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya zana aska biyu ko aska takwas da tambari da sauran adon babbar riga, ba wani ma'auni a hannunsa sai ido. In ya gama, sai a shiga da rigar cikin gida wurin yayarsa, Hajiya 'Yardada, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. Ita da matan da ke ɗinki a ƙarƙashinta su za su bi layin tawadar nan da allura da zare, wata biyu, wani lokaci uku, har riga ta tashi.

Bahijja, 'yar Malam ta uku, ita kaɗai allura ta ƙi. Tana da shekara tara aka ba ta hula ta gwada, ta zauna tun hantsi tana fama, da ta miƙe sai hular ta miƙe tare da ita, ashe ta haɗa ta da zanen jikinta ta ɗinke. Ranar an yi dariya har maƙwabta suka leƙo. Fa'izu, ɗan Hajiya 'Yardada, shi ya fi kowa jin daɗi. Da yake ɗan gwaggonta ne, taubashinta ke nan, yana da lasisin tsokanarta ba mai tsawata masa. Shi ya raɗa mata Mai Hannun Katako, sunan kuwa ya bi ta har gidan miji.

Tun da allura ta ƙi, sai aka bar mata riƙon kurtun tawada a zaure. A nan ta girma, gefen mahaifinta, tana kallon masu kawo aiki. A nan kuma ta lura da wani abu. Duk wanda Malam ya nuna wa zane, amsarsa ɗaya ce: “Ma sha Allah, ya yi kyau.” Amma Malam ba bakin mutum yake saurare ba, fuskarsa yake kallo. Wani zai ce ya yi kyau yana shafa yadin da tafin hannu. Wani zai ce ya yi kyau idonsa na kan ƙofa. In na biyun ne, sai Malam ya ce, “Bari dai mu ɗan rage wannan askar,” sai ka ga kafaɗun mutumin sun sauka. Shekara arba'in yana wannan sana'a, ba wanda ya taɓa ce masa zanensa bai yi ba, kuma ba riga ɗaya da ta taɓa dawowa.

Bahijja ta yi makaranta har kwalejin fasaha, inda ta karanta kwamfuta. Yatsun da suka kasa allura sai ga su suna gudu a kan madannai. Ta yi aure a Ƙofar Wambai, ta sami aikin koyar da 'yan mata kwamfuta da safe, kusan kullum kuma da yamma tana gidansu.

Da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, sai kasuwar babbar riga ta buɗe. Kaki ya tafi, kowa yana neman abin da zai naɗe a kafaɗa. Kansila yana so, mai neman kansila yana so, mai rakiyar mai neman kansila ma yana so. Sai dai masu rigunan nan yanzu ba sa zuwa zaure. Suna Abuja, suna Legas. Direba za su aiko da yadi, su bi shi da waya, da yake wayar hannu ta shigo. Malam zai manna wayar a kunne yana ihu, ya kwatanta zanen da baki, a ce masa daga can, “Ma sha Allah, duk yadda ka yi daidai ne.” Murya kuwa ba ta kallon ƙofa. Sai riguna suka fara dawowa.

Wanda ya fi ba su wuya shi ne Alhaji Shehu, wani ɗan kasuwa da ya koma Abuja da zama. Malam ne yake yi wa marigayi mahaifinsa zane, sun yi aminci sosai, amma rabonsa da ganin Shehu tun yana yaro. Sau biyu ana ɗinka masa riga, sau biyu direbansa yana dawowa da ita, saƙon kuma bai canza ba: “Alhaji yana gaisuwa, ya ce aiki ya yi kyau ƙwarai, a ɗan gyara.” A gyara ina? Direba bai sani ba. A kira Alhaji, sai gaisuwa da addu'a. Malam ya yi ta lalube, ya ce ko tambarin ne, ko launin zaren ne, Hajiya 'Yardada kuma ta sa reza tana warware ɗinkin da ta kwashe wata biyu tana yi.

Wanda bai taɓa warware ɗinkin hannu ba ba zai san ciwonsa ba. Zare ɗaya-ɗaya ake bi, a tsinke, a zare, yadin ya rage da hudar allura kamar fuskar mai ƙyanda. Ranar da ta gama warware ta biyu, a shekarar 2004, sai ga yadi na uku ya iso, farar shadda mai tsada, ta ɗaurin auren 'yar Alhaji Shehu. Hajiya 'Yardada ta fito har zaure, abin da ba ta saba ba, ta soke allurarta a jikin katangar ƙasa dab da ƙofa.

“Nata'ala, ka ga wannan?”

“Na gani, Yaya.”

“Shekarata hamsin da ita. Zan ɗinka wannan rigar. Amma in ta dawo, in na sake warware ko zare ɗaya, nan allurar za ta zauna har ta yi tsatsa. Ka nemo wasu su ɗinka maka.”

Duk gidan an san Hajiya ba ta magana biyu. An kuma san in ta ajiye allura, matan da ke zama da ita za su watse, don hannunta suke bi. Malam ya dubi allurar, ya dubi 'yarsa da ke zaune gefe.

Bahijja ce ta yi magana. “Baba, ka daina fara zane a jikin yadi. Ka yi a takarda tukuna. Zan sa shi inda Alhaji zai gani daga Abuja, ya faɗi abin da yake so kafin Gwaggo ta sa allura.”

“Takarda tana sa riga ne?”

“Ba ta sawa, Baba. Amma ba a warware ta da reza.”

Daga bakin ƙofa Hajiya ta ce, “Yau dai Mai Hannun Katako ta faɗi magana.”

Akwai wani shagon intanet kusa da gidanta a Ƙofar Wambai, na wani bawan Allah Malam Haruna, kwamfuta shida da janareta mai tari. Can take zuwa bayan azahar. A kwaleji an koya musu yadda ake gina shafin intanet, amma a allo aka koya musu, da alli. Yanzu sai ta nemo wani littafi da aka yi ta yi wa fotokofi har rubutunsa ya dushe, take rubuta umarnin kwamfutar da biro a littafin makaranta a gida, ta zo shago ta kwafe. Aya ɗaya in ta ɓace, shafin ya fito fari fat. Wata rana ta kusa gamawa aka ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi aikin yini ya tafi. Ta yi salati, ta buɗe littafinta, ta sake daga farko.

Hoton farko da ta ɗora ya yi nauyi. Saukowa yake layi-layi daga sama kamar ana saƙa shi, har Malam Haruna ya tafi sallar la'asar ya dawo bai kai aljihun rigar ba.

“Malama, wannan rigar taki ko a kwamfutar ma wata uku take ɗauka?”

Ta koyi rage nauyin hoto. Ta sa wa kowane sashe na zanen lamba, wuya ɗaya, aljihu biyu, askoki uku, tambari huɗu, yadda mutum zai iya cewa “lamba kaza” ba sai ya san sunan abin ba. A ƙarƙashin kowane zane ta yi akwatin rubutu, da maɓallin aikawa. Ta sa wa shafin suna Zaure. Mako uku ya ci, yadin Alhaji Shehu yana ninke a adaka, ranar ɗaurin aure tana matsowa.

Malam, wanda ya fara da ƙi, sai ya sami daɗin takarda. Ya zana biyar, har da wani sabon tsari da ya daɗe yana riƙe da shi a zuci. Bahijja ta ɗora su duka, ta aika adireshin shafin ga duk wanda suke da lambarsa.

Cikin kwana huɗu saƙo talatin da bakwai suka shigo. Ta buga su a takarda ta kawo gida da murna, ta zauna tana karanta wa mahaifinta. “Ma sha Allah.” “Allah ya ƙara basira.” “Ina gaida Malam da iyali, yaya jikin Hajiya?” Wani daga Jidda ya cika akwatin da addu'a tun daga sama har ƙasa. Wani ya yi cigiyar ƙanensa da ke Soron Ɗinki, ya ce a faɗa masa ya kira gida. Na Alhaji Shehu ya zo a ƙarƙashin zane na biyu: “Ya yi kyau ƙwarai, Allah ya ja da ran Baba. Duk yadda aka yi daidai ne.”

Malam ya washe baki. “To, alhamdu lillahi. A kawo yadin.”

Bahijja kuwa ba ta yi murna ba. Wannan ita ce maganar da Alhaji Shehu ya faɗa kafin riga ta farko, ita ya faɗa kafin ta biyu. Ta gina zaure, amma zauren da ba a ganin fuskar kowa. Wa zai zauna ya rubuta da hannunsa, inda kowa zai karanta, cewa zanen dattijo aminin mahaifinsa bai yi ba?

“Baba, saura guda,” ta ce. “Na Fa'izu ne, daga Fatakwal. Ba da kai yake ba, da ni yake.”

“Karanta mu ji.”

Ta gyara murya. “Mai Hannun Katako, an ce kin buɗe shago a iska. Zanenki na huɗu, lamba huɗu, kin sauko da tambarin har gadon baya. Duk wanda ya zauna a mota da rigar nan a kansa zai zauna. Ko da yake ina kika san riga, ke da kika ɗinke hula da zane.”

Hajiya 'Yardada, da ke jin su daga tsakar gida, ta fashe da dariya. Malam ya jawo takarda ta huɗu ya ƙura mata ido. Ya kai yatsa ya auna. Can sai ya ce, “Ɗan banzan nan ya yi gaskiya.” Ya ɗauki alƙalami ya ɗaga tambarin sama, yana murmushi. Ko alamar ɓacin rai babu.

Bahijja ta zauna tana kallonsa. Zanen nasa ne, Fa'izu ya sani sarai. Da kawunsa zai faɗa wa kai tsaye, da bakinsa bai buɗu ba. Amma ya ɗora laifin a kan taubashiyarsa, inda yake da izini, maganar kuma ta isa inda aka aike ta ba tare da ta taka girman kowa ba.

Washegari ta zo da shawara. Za ta ƙara akwati na biyu, wanda za a rubuta a samansa cewa duk mai rubutu a nan taubashinta ne, ya faɗi abin da ya ga dama.

Malam ya girgiza kai. “Taubasantaka ba rawani ba ce da za ki naɗa wa mutum. Haihuwa ce. Sai ɗan gwaggonki ko ɗan kawunki.”

“To ai ga gwaggon tata a zaune,” in ji Hajiya 'Yardada. Tana tsince zare daga zanenta, ko ɗago kai ba ta yi ba. “Rubuta, Bahijja. Ki ce ni 'Yardada ta Soron Ɗinki na ce duk wanda ya sa hannu a akwatin nan ɗana ne. Na haife shi. In ya ga dama ya zo ya ci tuwo.”

“Yaya, mutum talatin da bakwai?”

“Da reza gara 'ya'ya. Kai dai zana.”

Haka Bahijja ta rubuta, kusan kalma da kalma. Akwatin farko ta bar shi yadda yake, ta sa masa suna Gaisuwar Malam, don ta san ba wanda zai yarda ya wuce bai gaida dattijo ba. Na biyu ta kira shi Akwatin Taubasai, ta sa sanarwar Hajiya a sama, ta ƙara da nata: “Ni Bahijja na ɗora zanen nan, kuma kowa ya san ban iya allura ba. In kun ga kuskure, nawa ne. Ku faɗi lambar wurin. Ba a fushi.” Saƙon Fa'izu ta sa shi a farko, don a ga yadda ake yi.

Kwana biyu ba wanda ya taɓa akwatin. A rana ta uku mai addu'ar nan na Jidda ya fara. A sama ya yi wa Malam addu'a kamar kullum, a ƙasa kuma ya rubuta: “Ke Bahijja, wa ya ce miki ana sa kore a kan ruwan toka? Ko a duhu kika zaɓa?” Daga nan sai abin ya ɓalle. Manyan mutane masu furfura, waɗanda ba su taɓa ganinta ba, suka shiga yi mata tsiya da lamba. Lamba ɗaya ta matse, ko so take ta shaƙe su. Lamba biyu ta yi zurfi, hannu zai shiga neman goro ya ɓace. Kullum da yamma sai ta zo da takardu, a taru a tsakar gida har da matan ɗinki, tana karantawa ana riƙe ciki. Malam yana dariya yana gyara. Sabon tsarin nan nasa ma ya sha duka, ya sake shi sau uku, a na ukun wani daga Legas ya rubuta, “Wannan kam ba ke kika yi ba, faɗi gaskiya,” ya ce a ɗinka masa.

Na Alhaji Shehu ne bai zo ba. Saura wata biyu da kwana goma ɗaurin aure, Hajiya ta ce in aka wuce Juma'a ba a fara ba, riga ba za ta gamu ba. Allurar tana nan a katanga, kowa ya shiga ya fita sai ya kalle ta.

Ranar Alhamis bayan azahar Bahijja ta buɗe shafin a shagon Malam Haruna, sai ga shi. A akwatin sama: “Allah ya ja da ran Baba.” A na ƙasa kuwa:

“Bahijja, tun da Hajiya ta haife ni, bari in faɗa miki. Ke dogon direbana kike gani kike zana wa riga. Ni gajere ne. Mahaifina dogo ne, ni na ɗauko wajen uwa. Askokin nan naki, lamba uku, har gwiwata suke sauka. Ranar da na gwada ta farko, matata ta ce kamar an rufa wa turmi darduma. Ki rage su rabi, ki ɗaga aljihun. Shekara biyu ina neman wanda zan faɗa wa.”

Bahijja ta yi dariya har Malam Haruna ya taso ya ga ko kwamfutar ce ta lalace. Ko jiran a buga mata a takarda ba ta yi ba, ta kwafe da biro a bangon littafinta ta nufi Soron Ɗinki.

Da ta karanta, Malam ya dafe kai. “Shehu! Ai kuwa uwarsa 'yar ƙarama ce. Ni duk zanen da nake yi masa, tsayin ubansa nake gani.” Ya sa aka fito da shaddar daga adaka, ya zana aska biyu gajeru, tsaf-tsaf, aka ɗora hoton, amsa ta dawo kafin magariba: “Yanzu kika yi hankali.”

Hajiya 'Yardada ta fito zaure ta zare allurarta daga katanga, ta goge ta a gefen mayafi. “Aro na ɗauka,” ta ce. “In ta dawo, ramin yana nan.”

Wata biyu cif suka yi a kanta. Direba ya zo ya ɗauka. Aka ɗaura aure a Abuja. Mako ɗaya, mako biyu, duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai matan ɗinki su ɗaga kai.

A mako na uku mota ta tsaya, direban nan dogo ya fito, hannunsa ba ƙunshi. Ya zagaya ya buɗe ƙofar baya. Wani ɗan gajeren mutum mai ƙiba ya sauko cikin farar riga, askokin sun tsaya masa daidai inda ya kamata. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Malam a zaure, suka daɗe suna tuna marigayi. Sannan ya ce a yi masa iso wurin tsohuwarsa.

Hajiya 'Yardada ta dube shi sama da ƙasa, dubawar da ba ta ɗauki lokaci ba. Ta kama bakin aljihun ta juya cikinsa ta duba ɗinkin.

“Kai ne ka sa ni warwara sau biyu?”

“Ni ne, Umma. A yafe mini.”

“Da ka buɗe baki tun farko fa?”

“Umma, da wane bakin? Sai da kika haife ni.”

Aka kawo masa tuwo, ya zauna a tabarma ya naɗe hannun riga ya ci. Yana cikin ci Bahijja ta shigo da jakar takardunta. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma ko tambaya bai yi ba.

“Ke ce Mai Hannun Katako?”

“Ni ce, Alhaji. Kai ne turmin?”

Tuwon ya kusa sarƙe shi. Matan ɗinki suka kifa kai a cinya. Daga zaure Malam yana tambaya me aka ce, dariya ta hana a ba shi amsa.

Bahijja ta ci gaba da kula da Zaure shekaru da dama, tana koyarwa da safe, tana karɓar tsiya da yamma. Masu rini biyu na Ƙofar Mata sun roƙa ta buɗe musu nasu ɗakin a ciki, ta buɗe, da sharaɗin su nemo tasu gwaggon. Har yau ba ta iya sa maɓalli a riga ba.

Ranar da Alhaji Shehu ya tafi, da la'asar, Hajiya 'Yardada ta sa aka kwaɓa mata ɗan yumɓu a murfin kwano. Ta fito zaure ta lalubo ramin allurar nan a katanga, ta toshe shi da babban yatsa, ta shafe. Sannan ta juya wurin ƙanenta.

“Nata'ala, ina yadi na gaba? 'Ya'yana suna jira.”